Makokin Koci a Filayen Ƙwallon Ingila

A cikin al'adun da suka tsiro a gefen wasan ƙwallon ƙafa a Ingila, akwai wadda babu ita a kundin dokokin wasa, ba kuma hukumar ƙwallon ƙasar ce ta shimfiɗa ta ba, amma ta yi ƙarfin da kowace ƙungiya ke bin ta ba tare da an tilasta mata ba, wato makokin da magoya baya ke yi wa tsohon kocinsu idan ya rasu. Kalmar koci a nan tana bukatar bayani, domin mutumin da Turawan Ingila ke kira manaja, musamman daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa ƙarshen ƙarni na 20, aikinsa ya wuce horar da 'yan wasa da zaɓen waɗanda za su shiga fili ranar Asabar. Shi ke sayen ɗan wasa da sayar da shi, shi ke magana da 'yan jarida da yawun ƙungiya, kuma idan ya daɗe a kan kujera, halinsa da irin lafazinsa sukan zama halin ƙungiyar a idon jama'a. Ɗan wasa yakan tsufa da wuri ko a sayar da shi, masu ƙungiya kuwa attajirai ne da talaka ba ya hangen su sai daga nesa, saboda haka koci ne mutumin da gari ke rataya wa farin cikinsa da baƙin cikinsa.

Da zarar labarin rasuwa ya bazu, kafin ƙungiya ta fitar da wata sanarwa, jama'a sukan nufi filin wasa, su ajiye furanni da riguna da ƙyallen wuya mai launin ƙungiya a bakin ƙofa, wasu su rubuta gajeriyar wasiƙa su maƙala. Wannan ɗabi'a ta samu gindin zama sosai bayan turmutsitsin filin Hillsborough na ranar 15 ga Afrilu, 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, lokacin da furanni suka lulluɓe wani babban ɓangare na Anfield, filin wasan Liverpool. A wasan farko bayan rasuwar, 'yan wasa sukan ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, su jeru a da'irar tsakiyar fili, alƙalin wasa ya busa usur a yi shiru na minti ɗaya, abin da masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram sun sha gani a talabijin. Shi wannan shirun aro ne daga shirun minti biyu da Birtaniya ta soma yi a ranar 11 ga Nuwamba, 1919, domin tuna sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya ne ake zuwa ga abin da ke ɗorewa, kamar mutum-mutumi na tagulla, ko sa wa titi ko sashen zaman 'yan kallo sunan mamacin.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan siffofi kaɗai zai ɗauka cewa makokin lissafin kofuna ne, wato duk wanda ya fi cin gasa shi aka fi yi wa kuka. Tarihin manyan kociyoyin ƙasar ya nuna abin ya fi haka zurfi, domin a mafi yawan lokuta makokin biyan wani bashi ne da gari ya san yana kansa, bashin yadda aka rabu da mutumin tun yana raye.

Babu misalin da ya fi na Bill Shankly fito da wannan a fili. Ɗan ƙauyen Glenbuck ne na masu haƙar kwal a Sikotilan, ya karɓi Liverpool a watan Disamba na 1959 tana rukuni na biyu, ya hau da ita rukuni na farko a 1962, ya ci gasar ƙasa a 1964 da 1966 da 1973, ya kuma kawo mata kofin FA na farko a tarihinta a 1965. A watan Yuli na 1974 ya ajiye aiki da kansa, amma zuciyarsa ta kasa barin wurin, ya ci gaba da zuwa filin atisaye na Melwood, 'yan wasa suna ci gaba da kallonsa a matsayin maigida alhali magajinsa Bob Paisley ne ke kan kujera, har sai da ƙungiya ta nuna masa cewa zuwan nasa yana kawo cikas. Ba a ba shi kujera a majalisar gudanarwa ba, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ya fi samun sakin fuska a filin atisayen Everton, abokiyar hamayyar Liverpool a gari ɗaya. Da ya rasu ranar 29 ga Satumba, 1981, yana da shekara 68, sai garin ya girgiza: taron jam'iyyar Labour ya miƙe ya yi masa shiru, 'yan kallo suka yi ta rera sunansa a wasan da ya biyo baya, aka kuma barbaɗa tokar gawarsa a filin Anfield, bisa al'adar ƙona gawa da wasu Turawa ke bi. A 1982 matarsa Nessie ta buɗe wata babbar ƙofar ƙarfe da aka sa wa sunansa, a 1997 kuma aka kafa mutum-mutuminsa, hannuwa a buɗe, da ƙyallen magoya baya a wuya. Karramawar da ta gagara yana da rai ta zo a cike bayan ba ya nan, kuma ba rashin adalci ba ne a ce akwai nadama a cikinta.

Haka labarin Bobby Robson yake, sai dai a nasa, magoya baya ma suna da kaso a cikin laifin. Ɗan mai haƙar kwal ne daga yankin Durham, wanda ya ci wa Ipswich kofin FA a 1978 da kofin UEFA a 1981, ya kai Ingila wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 1990, ya yi aiki a PSV da Sporting da Porto da Barcelona, sannan a 1999 ya dawo gida ya karɓi Newcastle, ƙungiyar da mahaifinsa ke kai shi kallo yana yaro. Ya ɗaga ta zuwa mataki na huɗu a 2002 da na uku a 2003, amma da ta ƙare a na biyar a 2004 sai gunaguni ya tashi, har mafi yawan 'yan kallo suka fice daga fili kafin zagayen ban kwana na wasan gida na ƙarshe, kuma a ƙarshen watan Agusta na shekarar aka sallame shi bayan wasa huɗu kacal da fara kaka. Da cutar daji ta yi ajalinsa ranar 31 ga Yuli, 2009, yana da shekara 76, filin Newcastle na St James' Park ya cika da riguna da furanni, har da rigunan Sunderland, ƙungiyar da ba ta ga maciji da Newcastle. Abin lura shi ne, wata biyu kafin rasuwar, Newcastle ta faɗo daga gasar Firimiya a ƙarƙashin mallakar Mike Ashley, saboda haka mataki na biyar da aka raina a 2004 ya zama abin da ake tunawa da ƙwalla.

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wannan karin magana ya dace da fuska ta biyu ta wannan al'ada. Sunan kocin da ya rasu yakan zama ma'aunin da magoya baya ke auna masu riƙe da ƙungiya a yau, wani lokaci ma ya zama makamin yaƙi da su. A 2008, lokacin da magoya bayan Liverpool suka kafa ƙungiyar fafutuka domin adawa da attajiran Amurka biyu da suka sayi kulob ɗin, Tom Hicks da George Gillett, sunan Shankly suka sa mata, shekara 27 bayan rasuwarsa, alhali da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta ba su taɓa ganin yana jagorantar wasa ba. Abin da suka ɗauko daga gare shi shi ne aƙidarsa ta cewa kulob na mutanen gari ne, kuma aiki da amfani a raba su tare. Ta wannan hanya mamacin ya ci gaba da shiga muhawarar da ba ta taso ba sai bayan ransa.

Rasuwar Brian Clough ta nuna wani abin kuma, wato yadda makoki kan sassauta gabar da ta yi shekaru tana ci. Clough ya ci gasar ƙasa da Derby County a 1972, ya bar ta a 1973 bayan saɓani da shugabanta Sam Longson, sannan daga 1975 zuwa 1993 ya riƙe Nottingham Forest, maƙwabciyarta kuma babbar abokiyar gabarta, ya ɗauko ta daga rukuni na biyu ya ci gasar ƙasa a 1978 da kofin zakarun Turai sau biyu a jere, a 1979 da 1980. Bayan ya rasu ranar 20 ga Satumba, 2004, an shirya taron tunawa da shi a babbar majami'ar Derby, amma yawan masu son halarta ya sa aka mayar da shi filin wasa na Pride Park, inda magoya bayan ƙungiyoyin biyu suka zauna wuri ɗaya. An sa wa wani sashe na babbar hanyar da ta haɗa garuruwan biyu sunansa, tun 2007 kuma akwai kofin da ƙungiyoyin ke takara a kansa da sunansa duk lokacin da suka haɗu. Mutum-mutuminsa da aka buɗe a tsakiyar birnin Nottingham a 2008 kuwa, magoya baya ne suka tara kuɗinsa ta hanyar karo-karo, wanda hakan ya ba shi wata daraja da abin da hukumar kulob ta gina da kuɗinta ba zai samu ba.

Sai dai a kan Clough ɗin ne raunin al'adar ya fi bayyana, domin makoki yana tace tarihi, ya riƙe mai daɗi ya zubar da mai ɗaci. Shekarunsa na ƙarshe a Forest sun gurɓata da shan giya, ƙungiyar ta faɗo daga gasar Firimiya a kakarsa ta ƙarshe, ya rabu baram-baram da Peter Taylor, mataimakinsa da suka ci kofunan nan tare, har Taylor ya rasu a 1990 ba su shirya ba, ga kuma abin da ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 1994, inda ya ɗora wa magoya bayan Liverpool alhakin abin da ya faru a Hillsborough, maganar da daga baya ya janye. Rufa wa mamaci asiri a ranakun ta'aziyya ɗabi'a ce mai kyau da al'ummomi da yawa suka yarda da ita, amma idan kwanakin makoki suka wuce aka ci gaba da ba da labarin mutum babu tabo ko ɗaya, to, an rage masa mutuntaka, an kuma tauye waɗanda maganarsa ta ƙona. Mutum-mutumin da Derby ta kafa a 2010, wanda ya nuna Clough da Taylor riƙe da kofi tare, gaskiya ne game da 1972, amma sulhu ne da tagulla ta ƙulla wanda mutanen biyu ba su samu ikon ƙullawa ba.

Ba kullum ba ne kuma makokin ke haɗa kai. Da Matt Busby, wanda ya sake gina Manchester United bayan haɗarin jirgin sama na Munich a 1958 har ta ci kofin zakarun Turai a 1968, ya rasu ranar 20 ga Janairu, 1994, an yi masa shiru a filayen ƙasar, a Old Trafford, filin United, kuwa mai busa algaitar Sikotilan ne ya shigo da 'yan wasa fili. Amma a filin Blackburn wasu magoya bayan Leeds sun ɓata shirun da rera sunan nasu kocin, Don Revie, wanda ya rasu a 1989, suna ganin ba a yi masa irin wannan karramawa ba. Abin da suka yi rashin ladabi ne da ba shi da uzuri, amma ya tona cewa ko a makoki akwai tambayar wa aka ga ya isa a yi wa shiru, wa kuma aka manta. Tsoron irin wannan ɓatanci na daga cikin dalilan da suka sa tafi na minti ɗaya, wanda aka daɗe ana yi a Italiya, ya yaɗu a Birtaniya daga wajen 2005, shekarar da George Best ya rasu. Masu goyon bayan tafi suna cewa murna ce da rayuwar mamaci, kuma yana danne muryar mai son ɓata taro. Duk da haka shiru ya fi nauyi, daidai saboda mutum ɗaya yana iya rushe shi, domin idan mutum dubu hamsin suka riƙe bakinsu na tsawon minti guda, kowane ɗaya daga cikinsu ya ba da nasa kason da gangan.

Zamani yana sauya tushen da al'adar ta tsaya a kai, domin kocin da zai yi shekara 18 a kulob ɗaya kamar Clough, ko 15 kamar Shankly, ya yi ƙaranci, kuma ikon sayen 'yan wasa ya koma hannun daraktoci da masu hannun jari. Abin da ya fara bayyana a madadin haka shi ne ƙoƙarin karrama mutum yana ji yana gani. Kwana biyar kafin rasuwar Robson, an shigo da shi St James' Park a kan keken marasa lafiya, a wani wasan tara kuɗi ga gidauniyarsa ta binciken cutar daji, dubban mutane suka miƙe tsaye suna yi masa tafi. Da Sven-Göran Eriksson, tsohon kocin Ingila ɗan ƙasar Suwidin, ya bayyana a watan Janairu na 2024 cewa cutar da ke jikinsa ba ta warkewa, ya kuma ambaci cewa ya daɗe yana burin jagorantar Liverpool, sai magoya bayanta suka yi ta kira a cika masa burin, duk da cewa bai taɓa yi mata aiki ba. A watan Maris aka zaunar da shi a bencin Anfield ya jagoranci tsofaffin 'yan wasan kulob ɗin a karawa da na Ajax, suka ci 4 da 2, ya kuma rasu ranar 26 ga Agusta, 2024.