Zaɓen Ƙamus na Jamusanci da Ingilishi ga Mai Nazarin Hausa

Malamin da ya ke so ya bi nazarin Hausa tun daga tushe, ba makawa sai ya ci karo da Jamusanci. Mischlich, wanda ya yi aiki da Imam Umaru a Kete-Krachi, ya fitar da ƙamus ɗinsa na Hausa a 1906, Westermann kuwa ya buga littafinsa a 1911, dukansu biyu da Jamusanci. To, da ya ke yawancinmu ta Ingilishi mu ke shiga harshen, ƙamus ɗin da muka riƙa shi ne jagoranmu, in ya ɓata mun ɓata.

Ɗalibai sun fi son ƙaramin Langenscheidt na aljihu. Ya isa ga matafiyi mai neman masauki, amma ga wannan aiki ya yi kaɗan. Collins na 1980 da Oxford-Duden na 1990 sun fi shi nesa, musamman wajen nuna yadda kalma ta ke zama cikin jimla, sai dai hankalinsu yana kan harshen zamani. Ga tsohon rubutu, ni a ganina, babu kamar babban Muret-Sanders da aka kammala wajen 1900, watau tsaran littattafan da mu ke karantawa ne. Laifinsa nauyi, ga kuma Ingilishinsa ya tsufa. Wanda bai same shi ba ya nemi Cassell, gyaran Betteridge na 1957.

Kafin malami ya saya, ya gwada ƙamus da kalma guda, Steuer. In tamata ce, die Steuer, haraji ke nan. In kuwa das Steuer ce, abin tuƙa jirgi ne. Ƙamus ɗin da bai raba su fili ba, ya kuma nuna jam'insu, zai sa mai fassara takardun mulkin Jamus na Togo ko Kamaru ya yi wa tarihi ƙarya bai sani ba.

Sa'an nan a lura da rubutu. A 1901 aka daidaita ƙa'ida, Thal ta koma Tal, sabo da haka mai karanta Barth na 1857 zai nemi kalma a sabon ƙamus ya rasa, alhali tana nan. Akwai kuma tsofaffin baƙaƙen nan na Fraktur, inda doguwar s ta ke kama da f ƙwarai. Lalle malamin kwaleji ya ba ɗalibai mako guda a kansu kafin su buɗe ƙamus.