Masu Ɗinkin Waya a Ƙasan Teku

Ranar 18 ga Nuwamban 2024, wayar intanet ta C-Lion1, wadda ta haɗa Finland da Jamus ta ƙarƙashin Tekun Baltic, ta tsinke. Zargi ya faɗa kan wani jirgin dakon kaya na China, Yi Peng 3, cewa ya ja anka, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a kanta. Shugabanni suka shiga batun zagon ƙasa. Ana cikin haka, jirgin gyara mai suna Cable Vigilance ya taso daga Faransa, kuma cikin kusan kwana 10 waya ta dawo aiki. Yaya ake ɗinke abin da ido bai gani?

Aikin daga tudu yake farawa. Injiniya ya harba haske cikin wayar, ya auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo daga bakin tsinkewar. Da wannan lissafi yake gane nisan wurin.

Da jirgi ya isa, sai a zura ƙugiya, kamar yadda ake lalubo gugar da ta faɗa rijiya, sai dai wannan rijiyar kan kai zurfin kilomitoci. Jirgi na tafiya sannu-sannu yana gitta hanyar wayar, shugaban aiki kuwa idonsa na kan ma'aunin nauyi. Daga yadda igiya ta ɗame yake bambance dutse da waya. In an ciro baki ɗaya, a gwada lafiyarsa, a toshe shi, a ɗaure shi jikin wani tulun ƙarfe mai yawo bisa ruwa, sannan a koma neman ɗayan.

Gwaninta tana ɗakin haɗi. A cikin duk sulken roba da ƙarfe da tagulla da ya lulluɓe wayar, abin da ke ɗauke da saƙo zaren gilashi ne, siriri kamar gashin kai. Gwani ya ɓare rigarsa, ya goge, ya yanke bakin daidai wa daida, ya sa bakuna biyu a na'urar da ke narkar da su da tartsatsin lantarki su zama ɗaya. Ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Zare bayan zare yake bi, teku na jijjiga jirgi, hannunsa ba ya rawa. Daga nan a rufe mahaɗar, a sake gwaji, a saukar da waya a hankali. Inda ba zurfi, na'urar nutso ta binne ta da feshin ruwa.

A Maris ɗin 2024, da wayoyi huɗu suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan wasu bankuna suka samu cikas a Najeriya, da yawanmu muna zaune muna ƙorafi, masu gyara kuwa suna bisa ruwa dare da rana. Mai ɓarna ƙarfe kawai yake ja ya wuce. Mai gyara sai ya shekara da shekaru yana koyo. Duk saƙon da ka aika ƙetare ya isa, ka tuna da waɗannan hannaye, ka sa musu albarka.