Kafin Ki Ce "Ki Nemi Wannan Littafi"

'Yan uwana mata, daga Talata Mafara zuwa Bakura har Maradun, idan ƙawa za ta yaba miki littafi, kalmarta ɗaya ce: "Wallahi sai da na yi kuka." To ni dai a ganina kuka ba ma'auni ba ne, ko albasa ma tana sa hawaye.

Dubi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Sumayya 'yar masu kuɗi ta faɗa rijiya saboda an raba ta da Muhammad talaka. Labari ne mai ratsa zuciya, ya kuma ja kunnen iyaye masu son abin duniya. Amma yarinyar da ke jiran ranar aure, me ta ƙaru da shi game da zaman gidan miji?

Sai ki ɗauko Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya yi amarya, ya kori Rabi da 'ya'yanta, ita kuwa ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Inda nake da ƙorafi shi ne ƙarshensa, da dangi suka matsa mata ta koma bayan ya tsiyace. Duk da haka shi nake fara miƙa wa kowace amarya, don ya nuna mace mai sana'a ba ta tagayyara.

Saboda haka idan an yaba miki littafi, tambayi mai yabon: bayan an watse biki, me ya faru?