Uban cikin littafi ma a tambaye shi kuɗin cefane

Masu karanta littattafan Hausa a Gusau, ko na takarda ko waɗanda ke yawo a WhatsApp, sun san irin uban da ya cika labaran yanzu. Ko dai Daddy ne mai kamfanoni a Abuja wanda ke sayen yardar 'ya'yansa da mota, ko kuma azzalumi ne da ba ya buɗe baki sai da tsawa. A ganina duka biyun ragwanci ne na marubuci, domin uba ba a gane shi a tsawa ko a kyauta. A kuɗin cefane ake gane shi, da kuɗin makaranta, da yadda yake kallon uwar 'ya'yansa idan sabuwar amarya ta shigo.

Balaraba Ramat Yakubu ta nuna haka tun 1990 a Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da rufin asiri, amma abin da yake miƙa wa matarsa Rabi na cefane ba ya isar 'ya'yanta tara. Da ya auri Delu sai ya saki Rabi, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaran ita kaɗai, har gobara ta cinye shagonsa ya dawo yana neman mafaka wurin waɗanda ya wofintar. Abin da ya sa mutumin nan ke ƙona rai shi ne kowa ya san irinsa a unguwarsu: yana fita fes da babbar riga, ana gaishe shi da girma a waje, yaransa kuwa suna jiran tukunyar da ba ta hau wuta ba. Tun kafin Balaraba, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a shekarun 1930 ya kawo Malam Shehu, wanda ya ƙwace wa wani budurwa da ƙarfin dukiya, alhakin ya faɗa kan ɗansa Kyauta.

Wasu za su ce irin wannan rubutu yana zubar da mutuncin iyaye, yana koya wa yara raini. Damuwarsu ba wasa ba ce, kuma irinta ce ta kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Sai dai addinin da ya wajabta biyayya ga uba shi ne ya ɗora masa ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, kuma a Zamfara da ta fara aiwatar da shari'a a 2000 bai kamata tuna wa uba wajibinsa ya zama rashin kunya ba. Littafin da ya ɓoye wannan bai kare uba ba, ya dai bar yaro ba mai magana da yawunsa.

Inda nake ganin marubutanmu sun gaza shi ne uban da ke gabansu. Manomin Tsafe da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar ɗansa, ya dawo gida ba hatsi, yana fushi da kowa ba don ba ya son su ba. Magidancin Bunguɗu da ya yi gudun hijira, yana lissafin aurar da 'yarsa da wuri don baki ɗaya ya ragu. Wannan uban yana da laifi, yana da uzuri, kuma labarinsa ya fi na Daddyn Abuja nauyi. Marubutan Zamfara, ku rubuta shi.