Jirgin da Ba Ya Mutuwa: Inda World of Warships Ya Gaza

Idan kana cikin matasan Zuru masu buga World of Warships, ka san wannan lokacin. Jirginka yana ci da wuta, layin ransa ya kusa ƙarewa, sai ka juya kai ka auka wa abokin gaba. Ku nitse tare, ka yi dariya, ka danna sabon wasa. To, a nan ne nake da ja da kamfanin Wargaming, wanda ya fitar da wasan a 2015.

Kai wa jirgi karo ba tatsuniya ba ce. Ran 8 ga Afrilu 1940, kusa da gaɓar Norway, ƙaramin jirgin Birtaniya HMS Glowworm ya daki Admiral Hipper na Jamus, wanda ya ninka shi nauyi fiye da sau goma. Ka tuna dokar Newton ta uku: ƙarfin da ya daki Hipper, shi ɗin ne ya daki Glowworm. Bambancin yana ga jikin da zai iya ɗauka, kamar akuya ce ta yi karo da bijimi. Goshin Glowworm ya karye, ya nitse da mutum sama da 100. Hipper kuwa ya sha ruwa kimanin tan 500, ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Trondheim.

A wasan, karo yana rage lambobi ne kawai. Amma jirgi na gaske ba shi da layin rai, ruwa ne ke kashe shi. Tambayi masu kwale-kwale a Yauri: in ruwa ya taru a gefe guda, jirgi zai karkata, ruwan ya ƙara gangarawa can, har ya kife. Shi ya sa kyaftin kan buɗe wa ruwa hanya da gangan ta ɗaya gefen don jirgi ya daidaita, ko ya cika rumbun albarusai da ruwa kada wuta ta kai gare shi. Haka aka ceci Seydlitz na Jamus a 1915. Wasan bai ba ka wannan zaɓi ba.

Sai kuma zaɓi mafi nauyi. Ran 17 ga Disamba 1939, Kyaftin Hans Langsdorff ya nitsar da jirginsa Admiral Graf Spee da kansa a bakin Montevideo, maimakon ya kai mutum wajen 1,000 faɗan da yake ganin ba riba. A World of Warships wannan wauta ce. Me ya sa? Domin bayan minti 20 jirginka ya dawo tasha garau, kyaftin ɗinka ma yana nan. Babu gobe, don haka babu abin da za a ceta.

Gyaran ba sabon maɓalli ba ne, farashi ne. A bar ƙwararrun ma'aikata su salwanta idan ka yi ganganci, a ba ka lada idan ka kai jirgi tudu ka tsirar da su. Sannan ne karo zai zama dabarar ƙarshe, ba abin raha ba.

Ban ce wasan ba daɗi ba, ni ma ina bugawa. Amma Zuru garin sojoji ce. Ka samu wani baba da ya yi ritaya a unguwarku, ka tambaye shi wane kwamanda suke tunawa da alheri. Da wuya ya ce maka wanda ya ƙarar da yaransa ne.