Jinjina ga Dakta Yusufu Bala Usman

A Musawa aka haifi Yusufu Bala Usman a 1945, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sarauta na gidansu, amma shi allo da alli ya zaɓa. Da ya dawo daga Jami'ar Lancaster a Ingila, sai ya koyar da tarihi a Kwalejin Barewa, daga nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya yi digirinsa na uku a hannun Farfesa Abdullahi Smith.

Littafinsa The Transformation of Katsina, 1400-1883, wanda ya fito a 1981, shi ne abin da na fi girmama shi a kai. Ya bi garuruwa yana zama da dattawa, ya karanta takardun Larabci, sannan ya auna rahoton Bature matafiyi Heinrich Barth a ma'aunin da ya auna kowa. Ya ƙi yarda a taƙaita jihadin 1804 a matsayin faɗan Fulani da Hausawa. Ya nuna yadda noma, fatauci, ƙaura da ilimi suka gina al'umma, kuma wannan darasi ne da har yau muke bukata ƙwarai.

Bai tsaya a aji kawai ba. Shi da Segun Osoba suka rubuta rahoton marasa rinjaye a kwamitin tsara kundin mulki na 1976, ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Balarabe Musa a Kaduna, ya kuma kafa cibiyar bincike ta CEDDERT a Zariya. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005. Allah ya jiƙan Malam.