Masu Tace Rajistar Zaɓe a Amurka: Yadda Ake Bin Suna Ɗaya Har a Gano Mai Shi

A watan Janairun 2019 ofishin sakataren jihar Texas ya aika wa gundumomin jihar sunaye kusan 95,000, ya ce da alama masu su ba 'yan ƙasa ba ne, amma ga su cikin rajistar masu zaɓe. Kwamfuta ce ta fitar da jerin. An haɗa kundin masu lasisin tuƙi da kundin zaɓe, duk wanda ya taɓa nuna takardar baƙo a ofishin lasisi sai sunansa ya faɗo. Ba a rufa mako ba ta bayyana cewa dubun-dubatarsu tuni sun yi rantsuwar zama 'yan ƙasa. Kotu ta taka wa shirin birki, jihar ta janye shi a watan Afrilu, sakataren, David Whitley, ya bar kujerarsa a watan Mayu.

Manyan ne suka cika jaridu, amma ni hankalina yana kan ƙananan ma'aikatan rajista na gundumomi, waɗanda irin wannan jeri ke sauka a teburinsu. Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda mai riƙe da sunan kowa. Jihohi da gundumomi ne ke aikin, Texas kaɗai tana da gunduma 254. Tun 1996 dokar tarayya ta mai da jefa ƙuri'ar baƙo a zaɓen tarayya laifi, mai iya kai mutum gidan yari har a kore shi daga ƙasar. Saboda haka tace rajista wajibi ne. Gwanintar ita ce a tsince tsakuwa daga shinkafa ba tare da an watsar da ƙwayar shinkafa ko ɗaya ba.

A ce ga ma'aikaciya ta buɗe jerin da safe. Ba ta ɗaukar sa a matsayin hukunci, zato ne kawai, kuma tambayarta ta farko ita ce: shin mutumin da ke kundin lasisi shi ne wanda ke kundinmu? Suna da ranar haihuwa ba su wadatar. A jihar da ke da miliyoyin mutane, dole a sami masu suna ɗaya da aka haifa rana ɗaya. Sai ta nemi abin da ba ya maimaituwa: lambar lasisin tuƙi, ko lambobi huɗu na ƙarshe na lambar inshorar jama'a, wato lambar da gwamnati ke ba ma'aikaci don haraji da fansho. Dokar HAVA ta 2002 ta sa ana neman ɗaya daga cikinsu wajen rajista. Ta ɗora sa hannu a kan sa hannu, ta duba adireshi, ta lura ko uba da ɗa ne masu suna ɗaya a gida ɗaya. Ta san baƙi da yawa, musamman 'yan gudun hijira, an rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba su zo da takarda ba. Ta san Muhammad yakan koma Mohammed a wani kundin, sunan mahaifi ya dawo gaba, aure ya sauya wa mace sunan ƙarshe. Wannan ya shafi 'yan uwanmu kai tsaye, domin Houston na cikin biranen da 'yan Nijeriya suka fi yawa a Amurka.

In ta tabbatar mutum ɗaya ne, sai ta zo inda ainihin sirrin sana'ar yake, wato jera ranaku. Ga layi ɗaya a gabanta. Wata mata ta karɓi lasisi a 2014, ta nuna katin zaman dindindin, wanda ake kira girin kad. Ta yi rajistar zaɓe a 2018. Kwamfuta ta ga baƙuwa a rajista. Ma'aikaciyar kuwa ta ga tazarar shekara huɗu, ta kuma san mai girin kad yakan cancanci neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar, ko uku in yana aure da ɗan ƙasa. Ta san lasisi yana shekaru bai ƙare ba, ba kuma wanda ke komawa ofishin lasisi don ya sanar da su ya yi rantsuwa. Ta san sau da yawa a ƙofar zauren rantsuwar ake miƙa wa sababbin 'yan ƙasa takardar rajistar zaɓe. Mutane fiye da 800,000 ne suka yi wannan rantsuwa a 2023, haka ma a 2024, don haka kundin lasisi kullum yana tsufa. Ranaku a wannan jeri, takardar baƙo tukuna sannan rajista, labarin ɗan ƙasa na gari suke bayarwa. In aka juya su, mutum ya yi rajista a 2014 sannan ya nuna takardar baƙo a 2018, to nan ne akwai abin dubawa. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen shari'ar Texas a kan wannan ta tsaya: a riƙa bin waɗanda suka nuna takardar baƙo bayan sun yi rajista kawai. Abu ne mai sauƙi har mutum ya yi mamakin yadda aka tsallake shi, amma wanda bai zauna ya karanta layin ba, ba zai gan shi ba.

Sunayen da suka rage sai ta kai su SAVE. Wannan tsari ne na hukumar shige da fice ta USCIS, an kafa shi tun shekarun 1980 don tantance baƙin da ke neman tallafin gwamnati, ba don zaɓe ba. A da sai da lambar da hukumar ke ba kowane baƙo ake iya bincike a ciki. A 2025 aka faɗaɗa shi, ana iya shigar da lambar inshorar jama'a, ana iya loda sunaye da yawa a lokaci guda. Gwanar ma'aikaciya ta san inda na'urar ke makancewa. Ƙarƙashin wata doka ta 2000, yaro ɗan ƙasa da shekara 18 mai girin kad yakan zama ɗan ƙasa kai tsaye ranar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi rantsuwa, in yana hannunsu. Bai cike takarda ba, bai ɗaga hannu a gaban kowa ba, saboda haka kundin na iya ci gaba da nuna shi baƙo har ya yi furfura. In amsa ta zo da shakka, sai ta nemi mataki na gaba, inda ma'aikaci mai rai zai buɗe fayil ɗin ya duba. Amsar "ba a samu ba" a wurinta ba ta nufin "ba ɗan ƙasa ba ne".

Sai bayan duk wannan take rubuta wasiƙa, kuma rubutun ma fasaha ce. A Texas mutum yana da kwana 30 ya kawo shaida: takardar haihuwa, fasfo, ko takardar zama ɗan ƙasa. Tana rubutawa a fili, ba da muryar ɗan sanda ba, ta faɗi abin da za a kawo, da inda za a kai shi, da lambar da za a kira. In wasiƙa ta dawo, ta nemi sabon adireshi, ta buga waya, domin shiru na iya zama mutum ya ƙaura ne, ko yana asibiti, ko ya tsorata. A Florida a 2012 irin wannan wasiƙa ta je wa wani tsohon soja ɗan shekara 91, haifaffen Brooklyn, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Jerin jihar ya faro da sunaye kusan 180,000, ya sauko zuwa kimanin 2,600, a ƙarshe wajen 85 aka cire.

Idonta kuma yana kan kalanda. Dokar rajistar masu zaɓe ta 1993 ta ce a kammala duk wani shirin share sunaye na bai-ɗaya kwana 90 kafin zaɓen tarayya, don wanda aka cire bisa kuskure ya sami lokacin gyarawa. A 2024 Alabama ta ware sunaye 3,251 cikin wannan wa'adi, alƙaliya Anna Manasco ta dakatar da shirin, kuma a gaban kotu aka amince fiye da 2,000 daga cikinsu sun cancanci yin zaɓe. A jihar Bajiniya kuwa Kotun Ƙoli ta amince a ci gaba da cire sunaye kusan 1,600. Inda doka ke ja-in-ja haka, kariyar ɗan ƙasa takan koma ga kulawar wanda ke riƙe da fayil ɗinsa. Binciken da aka yi a tsanake ma yana kama masu laifin: jihar Jojiya ta tace rajistar mutum miliyan 8.2 a 2024, ta sami baƙi 20.

In duk da haka wani ya zo rumfar zaɓe bai ga sunansa ba, dokar HAVA ta ba shi ƙuri'ar wucin gadi. Ya dangwala, a sa ta a ambulan mai ɗauke da bayanansa, a ajiye gefe. Bayan zaɓe sai ma'aikatan rajistar su bi diddigi, in ya cancanta a buɗe a ƙirga. Aiki na ƙarshe shi ne rubutawa a fayil: wace shaida aka gani, wace rana, wa ya gani. Kundin lasisi zai sake fito da sunan matar nan da ta karɓi lasisi a 2014 baɗi, sai wanda ya karɓi teburin ya tarar an riga an tantance ta, ba sai an sake aika mata wasiƙa ba.